Daga Katsina zuwa Alƙahira: Malamin Manɗiƙin da Aka Fi Tunawa da Hatimi

A watan Maris na 1853 wani ayari ya fito daga birnin Katsina ya nufi Sakkwato. Zamanin yaƙi ne, Gobirawa sun tare hanyar yamma, don haka ayarin ya karkato kudu, ya bi ta Kuraye ya ɓullo Kurfi. A cikinsa akwai wani Bajamushe da ake kira Abdulkarimu, wato Heinrich Barth, wanda ya tsaya ya ƙare wa ganuwar Kurfi da gwalalonta da duwatsunta kallo, ya rubuta abin da ya gani. Mun fi saninsa da yawon buɗe ido da zanen taswira, amma asalin karatunsa na tsohuwar ƙasar Girka ne. A Jami'ar Berlin ya yi digirinsa na dakta a 1844, kuma a kan kasuwancin birnin Korinti na zamanin da ya yi rubutun.

Shekara guda kafin ya zo Kurfi, Barth ya sauka a Masenya, babban birnin Bagarmi, cikin ƙasar Cadi ta yau. Can ya haɗu da wani dattijo Bafulatani makaho, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Azhar. Abin da ya ba Bature mamaki shi ne, tsohon nan ya san Aristo, ya san Aflaɗon, ya karanta abin da ya samu na maganganunsu da Larabci tun idonsa na gani. Yana zaune cikin tarin littattafansa, ba ya iya karanta su sai dai ya shafa. Barth ya yi mamaki ne don bai san tsawon igiyar ba. Faki Sambo ɗaya ne daga cikin jerin malamai da suka daɗe suna riƙe da wani reshe na ilimin Girkawa a ƙasashen nan, kuma wanda ya fi kowa nisa da wannan reshe a ƙarni na 18 Bakatsine ne: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Reshen da ake magana shi ne manɗiƙi, ilimin auna hujja. Aristo, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi kimanin shekara ashirin yana ɗaukar karatu wurin Aflaɗon a birnin Atina kafin ya buɗe tasa makarantar, kuma shi ya fara tsara ƙa'idojin yadda magana biyu ke haifar da ta uku. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka juya littattafansa zuwa Larabci, a hannun mutane irin su Ishaƙ ɗan Hunaini da Abu Bishir Matta. Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa ilimin, suka sake masa fasali. Imam Gazali, wanda ya ragargaji masana falsafa a kan al'amuran aƙida, shi ne kuma ya ware manɗiƙi ya ce wannan kam ma'auni ne, malamin Usulu ba ya wadatuwa da barinsa. Daga nan ilimin ya sami gindin zama a makarantun addini, ko da yake bai taɓa rasa maƙiya ba.

Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin fitattun gardandamin da aka yi a kan halaccinsa ya shafi mutum biyu da duk suna da hannu a tarihin Katsina. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna Katsina ya karantar. Yana da waƙa a kan manɗiƙi mai suna Minahul Wahhab, wadda har a Tumbuktu aka riƙa karantawa. Shi kuwa Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, ya rubuta littafi sukutum yana haramta shagaltuwa da manɗiƙi. Suka yi musayar baitoci. Magili yana ganin gaskiya gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito, a auna maganar a bar mai maganar. Suyuɗi yana ganin Musulmi ba shi da buƙatar aron ma'auni daga waɗanda ba su yi imani ba. Ahmad Baba na Tumbuktu ya adana labarin wannan musaya. Malaman ƙasar nan suka ci gaba da girmama Suyuɗi, suna karanta Jalalaini duk watan azumi, amma a wannan mas'ala bayan Magili suka bi.

Hujjar haka tana cikin gafakar ɗalibai har gobe. Da wuya a sami yaron da ya fara karatun littattafai a wani zaure a Kurfi ko Dutsin-Ma bai bi ta kan Ahalari ba, littafin tsarki da sallah da gyaran rafkanuwa. Marubucinsa, Abdurrahman Al'akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya ta yau, shi ne dai ya tsara Sullam a wajajen 1534, yana saurayi ɗan shekara 21. Waƙa ce mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai, ta tattara manɗiƙi daga farko har ƙarshe. Ya gina ta a kan Isaguji na Abhari, shi kuma Abhari ya bi sawun gabatarwar da Furfuriyus ya rubuta wa littattafan Aristo a ƙarni na 3. Mai Sullam bai ɓoye saɓanin ba. Ya ambaci cewa Ibn Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce lallai a koya, sannan ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Wannan sharaɗi ne ya sa manɗiƙi ya zama karatun manya, ba a kai wa gare shi sai an ci Nahawu da Fiƙihu an sha ruwa.

Ga yadda darasin yake a inda ake yinsa. Malam na kan buzu, ɗalibi ya gurfana da littafi, ya ja baiti ɗaya, malam ya fassara kalma bayan kalma, ɗalibi na cewa na'am. Idan aka zo babin ƙiyasi sai malam ya ajiye fassara ya kawo misali. Gero hatsi ne, wannan ita ce sugura, ƙaramar magana. Duk hatsin da ya kai nisabi ana fitar masa da zakka, wannan ita ce kubura, babbar magana. Kalmar hatsi da ta fito sau biyu ita ce tsani, da an haɗa sai ta faɗi, natija ta fito: geron da ya kai nisabi ana fitar masa da zakka. Sai malam ya juya. Wasu 'yan kasuwa mutanen Kurfi ne, wasu mutanen Kurfi mahaddata ne, to wasu 'yan kasuwa mahaddata ne ke nan? Ɗalibi ya yi caraf ya ce e. Malam ya ce a'a, wannan ba ta haihu ba. Mai yiwuwa ne a sami ɗan kasuwa mahaddaci, amma ba waɗannan maganganu biyu suka tabbatar da shi ba, don “wasu” da “wasu” ba sa haifar da komai. Wannan ƙa'ida, ba ƙari ba ragi, tana cikin littafin Aristo na ƙiyasi.

A irin wannan zaure Alkashinawi ya tashi. Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti, cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Aljabarti bai riske shi ba, an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar malamin. Amma a gidansu Bakatsinen ya rasu, littattafansa kuma a hannun mahaifinsa suka zauna, don haka labarin na cikin gida ne.

Aljabarti ya jero malamansa. Akwai Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, ƙasar da Barth zai tarar da Faki Sambo bayan shekara ɗari da ɗoriya. Akwai Shehu Hashimu, da Muhammadu Fodu, da Muhammadu Bindu. Wurin Fodu ya yi kusan shekara huɗu, yana biye da shi a gida da tafiya, ya ƙware a Nahawu da Sarfu har malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi, sunan shahararren malamin Nahawu. Kafin nan laƙabinsa Mai Muƙama, saboda yadda ya haddace Muƙamat yana kawo lafuzzanta a ka. Duk wanda ya taɓa fama da Muƙamar Hariri, littafin da ko manyan ɗalibai ke tuntuɓe a kowane layi, ya san wannan laƙabi ba na wasa ba ne. Wurin Bindu kuwa ya ɗauki Hisabi da ilimin lokuta da na haruffa da hatimai, ya kuma karanta Usulu da Balaga da Manɗiƙi, da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Buhari, ya yi nisa cikin Muhtasar na Halilu.

Sunan Sanusi a wannan jeri yana da nauyi. Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, wanda ya rasu a Tilimsan a 1490, shi ne mai Ummul Barahina, ƙaramin littafin tauhidi da ya game Afirka ta Yamma. Littafin yana farawa ne da raba hukuncin hankali gida uku, abin da ya wajaba, abin da ya koru, da abin da ya halatta, sannan ya kafa wa kowace sifa ta Ubangiji hujja. Tauhidi ne da aka ɗora a kan manɗiƙi. Alwali na Bagarmi ya mayar da sharhin wannan littafi daga Fulatanci zuwa Larabci. Har abin ya kai wasu ɗalibai sun wuce gona da iri, suna kafirta talakan da bai iya kawo hujjar hankali a kan imaninsa ba, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana taka musu burki. Wato manɗiƙi bai tsaya a takarda ba a ƙasar Hausa, ya shiga rigimar wane ne Musulmi.

Alkashinawi ya kama hanyar gabas, ya ratsa ƙasashe yana haɗuwa da sarakuna da malamai, ya yi aikin Hajji a 1730. Ya zauna Makka na wani lokaci, kuma can ya fara rubuta Addurrul Manzum, littafi a kan taurari da ɗalasimai wanda ya gina a kan Assirrul Maktum da ake danganta wa Fakhruddin Arrazi. A Alƙahira ya kammala shi, wajajen ƙarshen 1733. Kusan lokaci guda ya gama Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimai. Yana da littafin Nahawu, Bulugul Arab. Sannan ga wanda ya fi shafar zancenmu: waƙar manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, da sharhin da ya yi mata da kansa, Izalatul Abus, wanda Aljabarti ya ce mujalladi ne mai kauri, ya kai kimanin ƙunshin takardu 60.

Mai masaukinsa, Hasan Aljabarti, ba ƙaramin mutum ba ne. Babban malamin Hanafiyya ne a Azhar, kuma gwanin ilimin taurari da lissafi, gidansa matattarar masana. Irin wannan mutum ne ya zauna ya ɗauki ilimin hatimai wurin baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa. Da ajali ya zo a 1741, shi Alkashinawi ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa, shi ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira. Mun saba jin ɗalibanmu sun tafi Masar neman ilimi, kuma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masaukin ɗalibai a can. Alkashinawi kuwa ya isa da iliminsa cikakke, wanda ya tara tsakanin ƙasar Hausa da Barno da Bagarmi, aka durƙusa aka ɗauka.

Hatimin da ya yi suna da shi ma yana da fuska biyu. Ɗauki mafi sauƙi, mai gida tara. A layin sama a sa 4 da 9 da 2, a tsakiya 3 da 5 da 7, a ƙasa 8 da 1 da 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 yana ba da 175. Malamin tsibbu yana ganin asiri a ciki, ya rubuta a allo a wanke a sha. Masanin lissafi yana ganin ƙa'ida, yana tambayar ta wace hanya za a cika kowane hatimi mai gefe mara, komai girmansa, ba tare da lalube ba. Alkashinawi ya tsaya a duka biyun, ya bayyana hanyoyin cikawa dalla-dalla. Wannan ne ya sa Hassan Gwarzo ya yi nazari a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky ta saka shi cikin littafinta na tarihin lissafi a Afirka a 1973, Ahmad Kani ma ya waiwaye shi daga baya.

To amma duba yadda rabon gadon ya kasance. Addurrul Manzum an buga shi a Alƙahira, ya shiga hannun masu sayar da littattafai, masu neman laƙani suna nemansa. Hatimai sun ja hankalin masana tarihin lissafi. Sharhin manɗiƙi, wanda ga dukkan alamu ya ci masa lokaci da tawada ba kaɗan ba, da ƙyar ake jin an ambace shi, ko a taron da aka shirya don yabon malaman Katsina. A ganina wannan rashin adalci ne ga mutumin. Wanda ya tsara fanni a waƙe, sannan ya zauna ya warware waƙar a mujalladi guda, malamin wannan fanni ne, ko da kasuwa ta fi son wani ɓangaren nasa.

Sai dai kada zumuɗi ya ɗebe mu. Alkashinawi bai karanta Girkanci ba, haka Magili, haka Al'akhdari. Abin da ya iso gare su manɗiƙi ne da ya bi ta hannun Ibn Sina da malaman bayansa, aka tace, aka taƙaita, aka mayar da shi bawan Tauhidi da Usulu. Littattafan Aflaɗon a kan mulki da adalci, ko na Aristo a kan ɗabi'a da halittu, ba su shiga jerin karatun zaure ba. Wanda ya leƙa bayan wannan katanga a ƙasar Hausa shi ne Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu, ya rasu a 1864. Ya karantar a Salame, arewa da Sakkwato, ya rubuta tarihi cikin Raudatul Afkar, ya kuma yi rubutu a kan samuwa da matakan halitta da matsayin hankali, yana auna maganganun masana falsafa da ma'aunin sufaye. Shi ne mutumin da Barth ya tarar a ƙarshen waccan tafiya da ta ratsa Kurfi, ya kuma ɗauke shi a matsayin wanda ya fi kowa ilimi cikin mutanen Sakkwato na lokacin.

Ilimin Girkawa ya sake shigowa Nijeriya ta wata ƙofa dabam. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 da sashen nazarin Girkanci da Latin. Daga nan Olubi Sodipo ya fito, ya wuce Jami'ar Durham a Ingila, ya dawo ya jagoranci sashen falsafa a Ife, daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Ogun. Irin wannan tafarki, digiri bayan digiri, mujalla, kujerar farfesa, shi ake nufi yau idan aka ce wane masanin falsafar Girka ne. A Arewa kuwa kalmar falsafa ta daɗe tana ɗauke da ƙura. Uba zai yarda ɗansa ya karanta lauya ko likita, amma ya ji an ce falsafa sai ya tambaya ko yaron zai ci gaba da sallah.

Duk da haka ba a tsira daga Aristo ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta sa darasin falsafa da manɗiƙi cikin kwasa-kwasan GST da ake so kowane ɗalibin digiri na farko ya ɗauka, ko Kimiyya yake karantawa ko Noma. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana ƙarƙashin wannan tsari kamar sauran. Saboda haka yaron da ya taso a Kurfi ko Safana ko Ɗanmusa, ya bi ta kan Ahalari a zauren unguwarsu, zai zauna a babban ɗakin lacca cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa a koya masa da Turanci cewa duk mutum mai mutuwa ne, Sukuraɗ mutum ne, don haka Sukuraɗ mai mutuwa ne. Zai haddace don jarrabawa, ya ɗauka kayan Turawa ne. Takardun da aka saba rabawa a irin wannan darasi a jami'o'inmu sukan taso daga Girka su yi tsalle su dira Turai, in an yi karamci a ba falsafar Afirka shafi biyu. Bagadaza ba ta cika samun wuri ba, balle Katsina. A can cikin gari kuma, malamin da ke karantar da Sullam bai san cewa abin da yake kira sugura da kubura shi ake zanawa da alli a jami'a ba. Garin ɗaya, ilimin ɗaya, amma ba sa gaisawa.

Laifin ba na ɗalibi ba ne, kuma ban ga dalilin ɗora shi duka a kan malamin jami'a ba. Wanda ya yi digiri a falsafa galibi bai iya karanta rubutun hannu na Larabci ba. Wanda ya iya, yana sashen Larabci ko na Nazarin Addinin Musulunci, inda aka fi karkata ga Adabi da Fiƙihu da Hadisi. Ga kuma tsarin ƙarin girma, wanda ke ƙirga yawan maƙalu a mujallu. Tace tsohon littafi, a gwada kwafi da kwafi, a gano inda marubuci ya bi Sanusi da inda ya saɓa masa, aiki ne na shekaru, kuma maki ɗaya ko biyu zai kawo. Matashin malami mai iyali, ga albashin da bai kai wata ba, ba zai zaɓi wannan hanya ba sai in wani ya tsaya masa.

Dutsin-Ma kuwa tana da abin da ake buƙata a wuri ɗaya: jami'ar tarayya, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke horar da malaman makaranta, da zauruka a kowace unguwa, ga birnin Katsina da jami'o'insa da hukumar tarihinsa ba nisa. Sunayen littattafan Alkashinawi da na Ɗan Tafa an riga an tattara su a kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan rubuce-rubucen Larabci na tsakiyar ƙasashen Sudan. Daga baya, Dahlia Gubara ta ware wa Alkashinawi wuri a kundin digirinta na dakta kan Azhar a Jami'ar Columbia, Dorrit van Dalen ta fitar da littafi kan malaminsa Alwali a 2016 daga Leiden ta ƙasar Holan, Oludamini Ogunnaike kuma yana nazarin falsafar Ɗan Tafa daga Jami'ar Virginia a Amurka. Dukkansu da Turanci suka rubuta.